Ni da Madarar Gwangwani da Gajartar Yayanki

Dutsen Alhaji, Abuja.

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, ina kuma gaida takwarana gaisuwa ta musamman, don shi kaɗai ne a zuriyar nan bai taɓa yi min dariya a kan madara ba. Shi ma na san don bai san labarin ba ne tukuna. Allah ya kai ku Legas lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da direba mai gyangyaɗi, ya sauke ku a hannun maƙwabta na gari.

Kafin komai, ina da ƙara. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ana cewa a gidan nan wai ni na gajarta yayanki. Ranar suna a faɗa, ranar biki a faɗa. Ranar Sallah in an taru ana cin nama, sai wani ya dubi yayanki, ya dube ni, ya ce, "Madarar Baba ce." Sai a kwashe da dariya, har da shi mai gajartar. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ji ta bakina. Ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dubi dangin Innarku, mutanen da in sun zo ɗaurin aure sai a cikin yara ake nemo su. Kawunku Sale in zai hau babur sai ya tura shi gindin dakali. Wace madara na ba Sale?

To da na ci gaba da haƙurina, amma jiya da ake ɗaure muku kaya na ga abin da ya hana ni. Na ga katan guda na madarar shayi, irin ta ƙananan ledar nan, an ɗora shi kan jakar kayan takwarana. Na tambayi mijinki na wane ne. Ya rusuna da ladabinsa ya ce, "Baba, na yaron ne. Tunda za ta koma aiki in mun isa. Ta jarirai ta yi tsada, ai madara madara ce."

Rakiya, ki ji da kyau. Kalmomin nan da ya faɗa, ni na fara faɗinsu a garin nan, tun ba a haife shi ba.

Na buɗe baki na ce, "Maganar madarar nan fa..." Ban rufe ba Innarku ta leƙo daga kicin, ba ta ma ji abin da mijinki ya ce ba, ta ce, "Malam, kai da madara ai an raba ku tun mulkin soja. Zo ka riƙe musu bakin buhun nan." Kowa ya yi dariya. Ke ma kin yi, na gan ki, kin ɓoye fuska a bayan yaro. Ni kuma ba zan tsaya musu da suruki a gaban jama'a ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ban yi boko ba, ɗan abin da na tsinta ne a ajin yaƙi da jahilci, in kin ga harafi ya karkace ki miƙar da shi da kanki. Takarda dai ba ta katse mutum. Zan cusa ta cikin ledar kuka da daddawa, don na san can hannunki zai fara zuwa.

Takwarana watansa huɗu. Yayanki bai kai haka ba lokacin da na fara aikina a kansa. Ki saurara.

Lokacin da aka ce gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dawo nan, ina da teburin shayi a Garki, gindin wani mangwaro kusa da ofisoshi. Garin duk jar ƙasa ne da katafila. Ma'aikata suka yi ta sauka da akwatuna, iyalansu na can baya, ba mai dafa musu ko ruwan zafi. Ni ne uwarsu, ni ne ubansu. Manya masu kwat da ɗaurin wuya su zauna a bencina su ce, "Oga mai shayi, sa madara da yawa." Ina zuba musu, ina kallon kumatunsu suna ƙyalli. Abin mamaki, ga shi yau ke kuma kin kwashi taki kujerar kin nufi inda suka baro.

Muna zaune a ɗaki ɗaya na kwano, ba uwa ba kaka, duk manyanmu suna Malumfashi. Haka za ki zauna a can ba babba kusa, shi ya sa nake tsoro. Innarku ta kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon nono, ruwan ya ja baya, yaro yana ta tsala ihu. Sai na yi tunani irin na mai hankali. Na ce abin da darakta yake sha ya yi ƙiba, ai ba zai cuci ɗan mai shayi ba. Na ɗauko madara mai kaurin nan mai zaƙi, wadda ake huda gwangwaninta gefe biyu, ga hoton saniya a jiki tana murmushi. Na dama da ruwan buta na ba shi da cokali. Ya sha yana lumshe ido, ya yi barci. Na ce wa Innarku, "Kin gani? Ki kwanta ki huta, gida yana hannun masani." Ba zan ɓoye miki ba, har na yi tunanin ɗiga masa ganyen shayi kaɗan don launi. Allah dai ya tsare.

Kwana kaɗan sai gudawa. Tun ana sauya tsumma har tsumma ya ƙare aka koma yagar tsohuwar rigata. Kuka ma ya daina fita sosai. Muna da maƙwabciya mai sayar da doya, Mama Ladi, 'yar Gbagyi, mutanen da ke nan tun kafin gwamnati ta san akwai ƙasa a wurin. Ta shigo ta taɓa maɗigar yaro, ta ji ta lotsa. Ta ce, "Mai shayi, mene ne kai ka ba shi?" Na ce madara. Ta ce, "Wane madara?" Na nuna mata gwangwanin da alfahari. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta sunkuci yaro ta goya, ta ce, "Bi ni, kada ka yi magana."

A asibiti muka haɗu da wata nas doguwa mai murya kamar ta kwandasta. Ta ce, "Wa ya haɗa masa wannan?" Na ce ni. Ta ce, "Sana'arka fa?" Na ce shayi. Ta ce, "To ai da ka soya masa ƙwai ka yanka burodi, Oga, ka cika masa oda." Matan da ke layi suka fashe. Na ji haushi na ce, "Ai madara madara ce." Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce in zo in riƙe ƙafafunsa. Aka nemi jijiya a hannun da bai fi babban yatsana ba, aka rasa, sai a kai aka soka allurar ƙarin ruwan. Na riƙe ƙafafun nan, sanyi ƙalau kamar ba na mai rai ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a ranar na yi wa Allah alkawarin in ya tashi zan bar shayi in koma noma. Ya tashi. Ban bar shayin ba, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne.

To ga nasihata ta fari. Madarar shayi ta shayi ce. Mai kaurin nan sukari ya fi yawa a cikinta, ta ledar nan kuma da yawanta an cire mata maiƙon saniya an zuba wani mai daban don ta faranta kofi. Na sayar da su fiye da rabin rayuwata, na san aikinsu: su sa ruwan zafi ya yi fari. Cikin jariri ba kofi ba ne. Kada hoton saniya ya ruɗe ki, kada hoton yaro mai kumatu ya ruɗe ki, wannan yaron ba a cikin gwangwanin ya girma ba. Na yarda kuskure ne na yi, amma rabinsa na gwamnati ne, ita ta kawo min masu ƙyallin kumatu har gaban teburina.

Da aka sallame mu, nonon Innarku bai dawo sosai ba, sai nas ta rubuta mana madarar jarirai ta gaskiya, wadda aka yi don masu watanninsa. Ta nuna min ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin, ta nuna min layin ruwa a jikin fida. Na ce na gane. Kuma wallahi na gane. Hannuna ne bai gane ba.

Ke ba ki san hannun mai shayi ba. Hannu ne da ya saba tun yana yaro cewa gwangwani ɗaya sai ya zagaya benci kafin a huda wani. In na ɗebo cokali cike, kafin ya isa bakin fida sai in ga ya girgiza da kansa, rabi ya koma gida. Sai in ƙara ruwa, in ɗaga in duba a haske, in ga ai ya yi fari. A wurinmu in ya yi fari an gama. Har ina yabon kaina, gwangwanin da aka ce ba zai daɗe ba ga shi yana ta auki. Yaro kuwa ya sha ya sha, cikinsa ya cika tim, can an jima ya dasa kuka. Na ce halin dangin uwarsa ne, ba sa ƙoshi.

Ranar awo aka ɗora shi a sikeli, allura ta ƙi motsi daga inda take wancan zuwan. Nas ɗin nan ta dube ni ta saman tabarau. Ta miƙo min fida da gwangwani ta ce, "Haɗa in gani." Na haɗa a gabanta da iyakar gaskiyata. Hannun ya girgiza. Ta ce, "Oga mai shayi, wannan ɗanka ne, ba kwastoma ba ne. Riba kake nema a kansa?" Daga ranar ta yanke hukunci, Innarku ce mai awo, ni aikina tafasa ruwa. Nan kam ba wanda ya taɓa kama ni da laifi.

Nasiha ta biyu ke nan. In har ta kai ga ta gwangwani, asibiti za su zaɓa miki daidai watanninsa, ba mai shago ba, ba maƙwabciya ba, ba miji ba. Ki auna yadda aka rubuta, kada ki rage don auki, kada ki ƙara don ya yi ƙiba da wuri. Ruwa tafasasshe, mazubi wankakke, abin da ya rage ya kwana a fida a zubar, ko da zuciya tana cewa asara. Kuma ki lura da hannun mijinki. Mutumin da ya ce ta yi tsada tun kafin ya saya, hannunsa zai girgiza, ko bai taɓa sayar da shayi ba.

Kuskure na uku shi ne wanda har yau nake ganin da hujjata. Na yi fushi da gwangwani gaba ɗaya. Na ce ta farko ta kusa kashe shi, ta biyu ta ja min zagi, to mu koma wa abin da kakanninmu suka sani. Yaro ya kai wata bakwai, ya fara shan kunu. Na shiga mota har bayan Kuje, rugar wani Bafulatani da muke mutunci, aka tatso min a gabana, da ɗuminta da kumfarta. Matarsa ta ce in na isa in dafa. Na ce to. A hanya na ce ina dalili, abin da ya fito daga jikin saniya da tsarkinsa, in ɗora a wuta albarkar ta ƙone? Na ba shi haka nan, kofi guda, na ƙara masa washegari daga ragowar da ta kwana a jarka.

Muka koma asibiti. Nas na hango ni ta ce, "Kai ne kuma?" Na ce, "Wannan karon ba gwangwani, daga saniya ne kai tsaye." Ta ce, "Ɗan maraƙi ka haifa?" Ta ce madarar shanu ba abin shan yaro ba ce sai ya cika shekara, ko a lokacin ma sai an dafa. Na ce kakana fa? Ta ce, "Kakanka 'ya'ya nawa ya binne?" Na san amsar, kuma ba ta da daɗi.

A ranar Mama Ladi ta gaji da ni. Tana goyon Ladi a lokacin. Ta karɓe yayanki ta ce, "Daga yau ni zan ba shi. Kai mai shayi, in na gan ka da cokali kusa da yaro nan, zan kira maka 'yan sanda." Ta shayar da shi tare da 'yarta har ya miƙe da ƙafarsa. Allah ya jiƙan matar nan, ko ya saka mata ta inda ya fi sani. Amma dubi abin da ya biyo baya. Yayanki ya girma, duk 'yan matan Abuja bai ga wadda yake so ba sai Ladi. Muka je wurin liman, ya ce ina, ai ƙanwarsa ce ta nono, ba aure har abada. Yaron nan ya yi wata biyu ba ya cin abinci da ni. Wannan ma a kaina aka ɗora. Wai na gajarta shi, na kuma raba shi da mata.

To nasiha ta uku, kada ki ba takwarana madarar shanu a matsayin abin sha sai ya cika shekara, komai kyan saniyar. In ya cika, ki ba shi mai cikakken maiƙo, dafaffiya, ba wadda aka tsame wa mai don masu rage tumbi ba, ba kuma ruwan zaƙin roba da ake kira yogot ba. In kuma wata rana larura ta sa wata mace za ta shayar da shi, a fara sanin lafiyarta a asibiti, sannan a sanar da dangi duka, kada a bari sai ya kawo hoton 'yarta yana murmushi.

Ke kuwa da aka haife ki, mun dawo nan Dutse, Innarku lafiyarta ƙalau. Aka kafa min doka, ko inuwar butata kada ta faɗa kanki. Wata shida cur nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ɗiga miki ba. Na yi faɗa a kan wannan. Na ce a zafin garin nan mutum ya yi wata shida ba ruwa, ko raƙumi ai yana kurɓa. Aka ce akwai ruwa a cikin nonon. Har yau ban ga inda yake ɓuya ba, amma ban taɓa kai ki asibiti a guje ba, ko sau ɗaya. Na san abin da za ki ce, wai ke da kika sha nono zalla kin fi kowa tsawo a gidan. Kada ki kawo min wannan hujjar. Ke dangina kika biyo.

Abin da nake so ki yi mai sauƙi ne. Ki ci gaba da ba shi naki, ba na kanti da ya kai shi, kuma ba a rage masa cokali. In kin koma aiki, ki tatsa a kofi mai tsabta mai murfi ki bar wa mai reno, ki tambayi nas ɗin can yadda ake ajiyewa. In kin ga ba ya isa, asibiti za ki fara zuwa kafin shago. In ya cika wata shida a haɗa masa da kunu da abinci mai laushi, nonon kuma kada a yanke. Katan ɗin nan kuwa, mijinki ya sha abinsa a shayi, shi ya riga ya gama tsawonsa. Ki faɗa masa da taushi, yaron kirki ne, jahilcina ne kawai yake da shi duk da digirinsa. Amma kada ki ce Baba ne ya ce. Ki ce nas ce. A gidan nan in an haɗa sunana da madara, ko gaskiya na faɗa dariya take zama, ni kuma ba na son a yi dariya a bar katan ɗin a ɗakin yaro.

Allah ya raya takwarana, ya ba shi lafiyar ciki da ta ƙashi, ya sa kada ki taɓa riƙe ƙafafunsa a asibiti yadda na riƙe na yayanki. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya buɗa wa mijinki har ya daina ganin tsadar abin da ya zama dole. Allah ya sa mu gana da alheri.

Saura amsa, kuma guda biyu nake bi. Ta farko, ranar da kika karanta wannan, ki kira ni ki gaya min ina katan ɗin ya kwana da abin da ke shiga bakin takwarana. Wayata za ki kira, ba ta Innarku ba, don ita cewa za ta yi kina gaishe ni ta kashe. In ban ji ki ba zan shigo mota, kuma kin san ni.

Ta biyu, an ce manyan likitoci suna Legas. Ranar da kika kai shi awo, ki nemi wanda ya fi kowa furfura. Ki ba shi labarin madara ukun nan ba ragi, sannan ki kwatanta masa tsawon Kawu Sale da hannunki, kada ki ƙara masa ko taƙi ɗaya don kara. Ki tambaye shi, gwangwani ne ko jini? In ya ce ni ne, ki faɗa min ni kaɗai, a hankali, bayan na ci abinci. In ya ce dangin Innarku ne, ki riƙe abinki sai ranar Sallah, in an taru ana cin nama, ki kira a buɗe muryar wayar kowa ya ji, a kuma ɗora Sale kan kujera don kada ya ce bai ji ba.

Na tambayi liman ya ce ƙaddara ce, na tambayi nas ta ce in fita mata daga layi, na tambayi Innarku ta ce in riƙe buhu. Ke na biya wa makaranta. Ki amsa min.

Mahaifinki,
Idi Mai Shayi.